Marine Malice a Sankilo: Tarihin Wata 'Yar Kifi da Yaran da Ba Su Taɓa Ganin Teku Ba

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya. A ƙarshen wannan shekarar ce wani ƙaramin kamfani mai suna Humongous Entertainment, a jihar Washington ta Amurka, ya fitar da wani wasan kwamfuta na yara mai suna Freddi Fish. Da aka juya shi zuwa Faransanci sai aka raɗa masa Marine Malice, kuma da wannan sunan muka san shi a Bangui. Na haɗa waɗannan abubuwa biyu ne don mai karatu ya gane tazarar da ke tsakanin ranar da aka yi wasan da ranar da ya iso hannunmu. A lokacin da yaran Amurka da na Faransa ke buɗe shi sabo fil a kwalinsa, magidanci a unguwarmu lissafin buhun garin rogo yake yi, kwamfuta kuwa sai a ofishin gwamnati ko banki. Sai da wasan ya shekara bakwai ko takwas kafin ya same mu, kamar dai yadda kayan gwanjo ke isowa bayan masu su sun gama yayinsu.

Bari in fara da waɗanda suka yi shi, domin tarihinsu ya bayyana dalilin da ya sa wasan yake yadda yake. Mutum biyu suka kafa kamfanin a 1992, Ron Gilbert da Shelley Day. Shi Gilbert tsohon hannu ne a kamfanin Lucasfilm, shi ya jagoranci Maniac Mansion a 1987 da The Secret of Monkey Island a 1990, waɗanda har gobe ake ambatonsu a duk inda ake tarihin wasannin kwamfuta. Irin waɗannan wasanni ba na gudu da harbi ba ne. Labari ne ake ba ka, amma ba zai ci gaba ba sai ka warware matsalar da ke gabanka: ka yi magana da wannan, ka tsinci wancan abu ka ajiye, ka gano inda zai yi amfani. A wancan zamani yawancinsu mugunta gare su, kana kuskure ɗan wasanka zai mutu, ko ka yi awa biyar kana tafiya sannan ka tarar akwai wani makulli da ka baro tun farko, ba kuma hanyar komawa. Gilbert ya rubuta maƙala a 1989 yana sukar wannan ɗabi'a, ya ce ba daidai ba ne a hukunta mai wasa don ya gwada abu. Ita kuwa Day, labaran wata 'yar mota mai suna Putt-Putt take ba ɗanta idan zai yi barci. Daga wannan tatsuniyar dare aka yi wasansu na farko a 1992, wanda masu Faransanci suka sani da Pouce-Pouce. To, ka ga tushen abin: ra'ayin mutumin da ya ƙi jinin a kashe ɗan wasa, da tatsuniyar uwa.

Marine Malice shi ne na farko a kamfanin da aka zana hotunansa da hannu a takarda kamar fim ɗin katun, sannan aka shigar da su kwamfuta. Labarinsa gajere ne. Wata tsohuwar kifi, kakar kowa, an sace mata akwatin da take ajiye irin ciyawar teku, wadda ita ce abincin duk kifayen yankin. In ba a samo irin ba, yunwa za ta gama da kowa. Marine, 'yar kifi ruwan ɗorawa, da abokinta Luther, ɗan ƙaramin kore mai son wasa da surutu, suka shiga nema. Ɓarayin wasu kifayen shak ne guda biyu da ke yi wa wani ubangidansu aiki, ɗayansu dolo ne, shi ya ɓoye akwatin ya kuma bar wa kansa alamu a cikin kwalabe don kada ya manta wurin. Aikinka ka bi kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya. Hikimar da aka yi ita ce, duk lokacin da aka soma sabon wasa wuraren kwalaben sukan canza. Sannan kusan duk abin da ke fuskar kwamfutar, dutse ne ko kwanso ko ganye, in ka danna shi sai ya yi wani abin dariya, ko da ba ruwansa da labarin. An yi kashi biyar tsakanin 1994 da 2001. Mu uku muka samu: na irin ciyawa, da na makarantar da ake cewa akwai fatalwa na 1996, da na ƙahon katantanwa da aka sace na 1998, wanda a cikinsa ɓarawon ma canzawa yake daga wasa zuwa wasa.

Yanzu sai yadda ya zo mana. Wanda bai san Bangui ba, Kilomita Biyar unguwa ce a gunduma ta uku, an sa mata sunan ne don nisanta daga tsakiyar gari, mu kuma Sankilo muke ce mata. Ita ce babbar kasuwar ƙasar, kuma nan Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da Mali suka zauna tun zamanin Turawa, suka haifi 'ya'ya da jikoki masu jin Sango kamar kowa. Ƙasarmu ba ta da teku, kaya daga tashar jirgin ruwa ta Douala suke zuwa a manyan motoci, su bi ta Garoua-Boulaï da Bouar, tafiyar fiye da kilomita 1,400. A cikin irin wannan lodi kawuna ya samo wata tsohuwar kwamfuta mai Windows 98 wajen 2001, ya ajiye ta a shagonsa yana buga wa mutane takardu da wasiƙun neman aiki. Cikin kwalin akwai faya-fayan CD da wanda ya sayar ya haɗa da su, wasu na asali, wasu kwafi da aka rubuta sunansu da alƙalami. Kawu bai san na mene ne ba, mu muka gano.

Shekarun kuwa ba na daɗi ba ne. Tun boren sojoji na 1996 gari bai zauna daidai ba. Aka yi yunƙurin juyin mulki a Mayun 2001, aka sake faɗa a Oktoban 2002, har François Bozizé ya karɓe mulki daga Ange-Félix Patassé ranar 15 ga Maris 2003. Malaman makaranta na bin gwamnati albashin watanni da yawa, yajin aiki ba ya ƙarewa. Yaro sai ya yi makonni ba boko, iyaye kuma ba sa son ya yi nisa da gida. Shagon kawu sai ya zama mana dandali.

Abin da masu yin wasan ba su taɓa kawowa a ransu ba shi ne yadda muka buga shi. Sun yi shi ne don yaro ɗaya, ɗan shekara uku zuwa takwas, zaune a ɗakinsa da kwamfutar gidansu. Mu mun kai goma sha, yawancinmu mun haura shekara goma, har da masu ɗinki na shagon kusa da kan leƙo. Ɓeran kwamfutar, wato abin dannawa, ɗaya ne tak, ana karɓa-karɓa, wanda ya riƙe shi kuma ba shi da ikon kansa, domin baki goma ke ba shi umarni. Waɗanda ke zuwa boko su ne tafintoci, Marine na magana da Faransanci suna juyawa zuwa Hausa da Sango don 'yan makarantar allo, kuma kowane tafinta da irin gishirin da yake ƙarawa. Akwai wani yaro da ya mayar da Luther Bahaushe sosai, har rantsuwa yake sa masa a baki. Wutar da ake kawowa daga Boali kuma ba ta da alƙawari, ana tsakiyar nema sai ɗif. A wani wasan wannan asara ce, a nan kuwa in an dawo da wuta aka soma sabo, kwalaben sun sauya wuri, sai ya zama kamar wani labarin ne daban.

Wani abu da na lura da shi bayan na girma: ba mu taɓa shan wahalar gane ƙa'idar wasan ba, alhali ba mu taɓa ganin teku ba, ruwanmu kogin Ubangi ne, kifinmu giwan ruwa. Dalili shi ne wasan kacokan ciniki ne. Wannan yana da abin da kake so, amma ba zai ba ka ba sai ka kawo masa abin da yake nema, shi ma wancan abin yana hannun wani mai tasa buƙatar. Har da wasu ƙwallaye masu ƙaya da ake tsinta a matsayin kuɗi. Ɗan da ya tashi a Sankilo, wanda tun yana shekara shida ake aikensa rumfar wane ya karɓo canji, ya biya ta wajen wane ya kai saƙo, ba sai an koya masa ba ni gishiri in ba ka manda ba.

Manya ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba, kuma gardamarsu ta fi wasan kansa tsayawa a raina. Mahaifina yana ganin ɓata lokaci ne da ɓata kayan sana'a. Na ji shi ya ce wa kawu, "Kai dai ka sayo injin neman abinci ka mayar da shi gidan kallo." Kawu ya ce, "Yaya, gara suna nan ina ganinsu da a ce suna bakin titi ana wannan harbe-harben." Malaminmu na allo damuwarsa biyu ce, kiɗan da ke ciki da kuma makara zuwa karatun la'asar. Da ya zo da kansa ya tsaya ya kalla na ɗan lokaci, hukuncin da ya yanke shi ne tatsuniya ce, kuma ba a tatsuniya da rana. Wannan fatawa ta yi mana tsada, domin da dare ne aka fi ɗauke wuta. Amma in an duba, malam ya fi kowa gane abin. Dabba mai magana, da dolon ɓarawo da ya tona wa kansa asiri, da ƙarami mai wayo da ya fi ƙarfin babba, duk kayan Gizo ne. Maƙwabtanmu masu Sango su ma suna da nasu gwanin wayon, Tere, wanda shi ma gizo-gizo ne. Bambancin kawai, Gizo da Tere wayonsu na cuta ne, cikinsu suke yi wa aiki, ita kuwa Marine yarinyar kirki ce tun daga farko har ƙarshe. Mu yara maza abin da ya fi ba mu haushi shi ne mace ce shugaba, namijin kuma shi ne sakarai. 'Yan matan gidanmu ba su bar mu mun manta da hakan ba.

Ni kaina ina da abin da nake sukar wasan da shi. Ba a faɗuwa a cikinsa. Duk shirmen da ka yi, Marine za ta ce maka a hankali wannan ba zai yi ba, ka sake gwadawa. Yaron da ya tashi da dara ko langa ya san zafin a cinye shi a gaban jama'a, ya kuma koyi haɗiye wannan zafi, wanda ilimi ne babba da ba ya cikin faifan nan. Sannan miyagunsa ba miyagu ba ne na gaske. A kashi na farko magana ake yi da ɓarayin, a ƙare da raba iri kowa ya samu. A na biyu fatalwar ƙarya ce, kayan wasan yara ake sata. A duniyar Marine duk mai laifi yana da wani ɗan dalili mai ban tausayi, da an gano shi sai ya sunkuyar da kai. Mutumin Sankilo ya ga irin mutanen da ba sa sunkuyar da kai.

Seleka ta shiga Bangui ranar 24 ga Maris 2013. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekarar 'yan anti-balaka suka kawo hari, Faransa ta sauke sojojin Sangaris, gari ya rikice. A watannin farko na 2014 dubun-dubatar Musulmi suka fice zuwa Cadi da Kamaru, Najeriya da Nijar da wasu ƙasashe suka kwashe mutanensu a jiragen sama. Waɗanda suka rage suka takure a Sankilo, fita daga unguwar ta zama sayar da rai, har lokacin da Fafaroma Francis ya zo babban masallacinmu na Koudoukou ranar 30 ga Nuwamba 2015. Shagon kawu yana bakin unguwa ne, an wawashe shi har kwanon rufi. Ba zan zauna ina kukan faifan CD a inda aka rasa rayuka ba. Amma yaran da suka yi cincirindo a gaban kwamfutar nan, yau wani yana Garoua-Boulaï, wani N'Djamena, wani Kano, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Wasu daga cikinsu Kiristoci ne 'yan unguwannin da ke kewaye da mu, waɗanda suka yi shekaru ba sa iya taka ƙafa inda muke, mu ma haka.

Shi ma kamfanin bai tsira ba, ko da yake tasa rasuwar ta takarda ce. An sayar da shi ga GT Interactive a 1996 kan dalar Amurka miliyan 76, kamfanin Infogrames na Faransa ya haɗiye GT a 1999, aka sallami ma'aikata da yawa a 2001, Gilbert da Day suka tafi. Infogrames ya koma amsa sunan Atari, reshensa na Amurka ya durƙushe a 2013, wani kamfani mai suna Tommo ya sayi wasannin a gwanjon kotu. Abin da ya raya su a tsakani aikin 'yan sa-kai ne, wata manhaja ta kyauta mai suna ScummVM da aka fara a 2001, wadda ke sa tsofaffin wasanni su yi aiki a sababbin na'urori, har da wayar hannu.

Duk da sukar da na yi, in aka ce in zaɓar wa ɗan Sankilo na yau, Marine zan zaɓa, kuma ba don kewar ƙuruciya ba. Ku dubi abin da ke wayoyin yaranmu. Free Fire ne da PUBG, a jefa ka tsibiri da mutane da yawa, ka nemi bindiga, wanda ya rage da rai shi ya ci. Ba na cikin masu cewa wasa ne ke sa yaro ya zama ɗan bindiga, waɗanda suka addabi kasuwarmu da karɓar kuɗin tsaro har 'yan kasuwa suka yi musu bore a Disambar 2019 ba a waya suka koya ba. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya san ƙarar kalashnikof ta gaske kafin ya san baƙaƙen abacada ba ya buƙatar a ƙara nuna masa cewa matsala da harsashi ake warware ta. Ya ga wannan darasi a ƙofar gidansu. Wanda bai gani sosai ba shi ne ɗayan, inda za ka tsaya ka saurari wani baƙon halitta har ka gane abin da yake so. In wasan ya yi ƙaryar cewa kowa na shiryuwa, ƙarya ce da ɗan shekara shida zai iya ɗauka na ɗan lokaci, gaskiyar ba ta da nisa da shi.

Babban gibin wasan a wurina harshe ne, da kuma rashin ganin kanmu a ciki. An juya shi zuwa Faransanci da Jamusanci da harshen Holan, ba Hausa, ba Sango. Kuma ba wai baƙar fata ba su taɓa shiga wannan sana'a ba. A cikin kwalin kawu akwai Adibou na kamfanin Coktel Vision na Faransa, wanda ke koyar da karatu da lissafi. Sai da na shiga makarantar aikin jarida na san cewa ɗaya daga cikin ginshiƙan wannan kamfani baƙar mace ce, Muriel Tramis, haifaffiyar Martinique, injiniya da ta baro kamfanin jiragen sama na Aérospatiale. Ita ta yi Méwilo a 1987 da Freedom a 1988 tare da marubuci Patrick Chamoiseau, na biyun a kan bawan da ke shirya tawaye a gonar rake, sannan ta yi Gobliiins a 1991 da mai zane Pierre Gilhodes. Faransa ta ba ta lambar girma ta Légion d'honneur a 2018. Kusa da mu kuma, Kiro'o Games na Yaoundé, ƙarƙashin Olivier Madiba, sun fitar da Aurion a 2016. Ɗan Bangui ma ya yi nasa: Teddy Kossoko, wanda ya kafa Masseka Game Studio a Toulouse, ya fitar da Kissoro Tribal Game a 2018, ya ɗauko wasan ramuka da tsakuwa da ake bugawa a gindin bishiya a ƙasar nan, ɗan'uwan dararmu, ya sa shi a waya. Sai dai waɗannan na matasa ne da manya. Wasan labari na ƙananan yara, mai magana da bakin uwarsu, shi ne har yanzu ban riƙe a hannuna ba.

A matsayina na mai aikin murya, na san abin ba gagara-badau ba ne. Kano ta riga ta nuna hanya, su Algaita sun sa jaruman Indiya suna Hausa har tsofaffi na kallo ba tafinta. Wasa irin na Marine bai kai fim ɗin Indiya ɗaya yawan magana mai wuya ba, ɗakin ɗaukar murya irin na gidan rediyo da mutum shida ko bakwai masu iya sauya murya sun isa. Cikas ɗin izinin masu haƙƙin mallaka ne, da kuma wanda zai biya, tunda ba kamfanin da ke lissafa yaran Sankilo ko na Maraɗi a cikin masu saye. Wannan ya sa nake ganin gara a bar 'yar kifin Amurka a tekunta, a ɗauki tsarin kawai, a zana kasuwa irin tamu da rumfunanta, a sa yarinya mai talla ta bi sawun abin da ya ɓace daga rumfa zuwa rumfa.

Mun taɓa gwada juya farkon labarin da abokan aikina bayan mun tashi daga shiri, don nishaɗi kawai. Muryar tsohuwa ba ta ba mu wuya ba, ta Luther ma kowa so yake a ba shi. Inda muka maƙale shi ne sunan ciyawar. Wani ya ce gansakuka, aka ce ba wanda ke cin gansakuka balle ya ajiye irinta a akwati. Wata ta ce kainuwa, sai aka tuna mata cewa kainuwa dashen Allah ce, ita kuwa wannan sai an shuka take fitowa, labarin ma gaba ɗaya a kan irin shukar yake. Muka bar shi a yakuwar teku, mutum biyu ba su yarda ba har muka watse.